Ciwon Haƙori: Yadda Ake Zuwa Asibiti a Cike Ko a Cire, da Abin da Ake Yi Bayan An Koma Gida

Tambayoyin da ke zuwa daga mutanenmu na karkara, tun daga wajen Gaya da Ajingi har Jahun da Kafin Hausa, kusan iri ɗaya ne. Haƙori ya yi kogo, ya hana barci, an sha maganin kemis ya lafa ya dawo, yanzu ina za a nufa, me za a riƙe a hannu, kuma me likita zai yi wa mutum idan ya hau kujerar nan? Ga yadda abin yake daga farko har ƙarshe. Abu ɗaya za ka riƙe tun yanzu: haƙorin da ya yi kogo ba ya warkewa da ƙwaya ko allura. Sai an sa hannu, ko a cike shi, ko a wanke jijiyarsa, ko a cire shi.

1. Gane irin ciwon kafin ka tashi

Likita zai tambaye ka yadda ciwon yake, amsarka kuwa ita ce rabin bincike. Idan sai ka sha ruwan randa mai sanyi ko shayi mai suga ne yake tsira maka, nan da nan kuma ya bari, to ruɓewar ba ta kai jijiya ba tukuna. Wannan ne lokacin da ciko ke wadatarwa, kuma shi ne lokacin da kusan ba wanda ke zuwa.

Idan yana zugi shi kaɗai ba ka ci komai ba, yana tashe ka cikin dare, kana jin sa har kunne da gefen kai, to jijiyar cikin haƙorin ta kumbura. Mataki na gaba shi ne ke yaudarar mutane: bayan kwanaki ciwon sai ya ɗauke ɗif, a ce maganin wane ya yi aiki. Jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cuta suna nan suna bin saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi, sai ka ga ɗan ƙurji ya fito a dasashi yana fitar da mugunya, ko wata safiya kumatu ya tashi. Shi kuwa haƙorin da ke girgiɗi, aswaki na fitowa da jini, baki na wari, galibi matsalar dasashi ce da dattin da ya daskare a gindin haƙora.

Gargaɗi: idan kumburi ya kai ido, ko ya sauka ƙarƙashin haɓa da wuya, ko baki ya ƙi buɗuwa yatsu biyu su shiga, ko haɗiyar yawu da numfashi sun yi wuya, ko da zazzaɓi mai zafi, ba a jiran gari ya waye. A nemi mota a kai shi sashen gaggawa na babban asibiti a daren. Irin wannan kumburin yana toshe maƙogwaro, kuma yana kisa.

2. Abin da za ka yi a gida kafin ranar tafiya

Babban mutum zai iya shan farasitamol ƙwaya biyu masu 500mg duk bayan awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a kwana guda. Idan ba shi da gyambon ciki, ko ciwon koda, ko asma da irin wannan maganin ke tayar masa, zai iya haɗawa da ibufurofen 400mg duk bayan awa 8, bayan ya ci abinci. Mai juna biyu ta tsaya a farasitamol kaɗai. Na yara kuwa da nauyinsu ake auna shi, a bar wa ma'aikacin lafiya ya faɗa. A kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a cire abincin da ya maƙale a kogon a hankali. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na wani lokaci idan aka ɗora shi a haƙorin, amma iyakarsa ke nan.

Gargaɗi: kada a ɗora asfirin ko hodar ciwon kai a kan dasashi, ƙona naman take yi ya yi fari fat ya saɓule. Haka ruwan batir, fetur, kanwa, garin taba da kafso da ake farkewa a zuba a kogo. Kada kuma a gasa kumburi da tsumma mai zafi. Masu turara hayaƙi su nuna maka tsutsa a cikin ruwa su ce daga haƙorinka ta fito, kuɗinka kawai suka ci. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin ragowar zaƙi suna fitar da tsami, tsamin yana zaizaye haƙorin.

3. Zaɓi wurin zuwa, ka haɗa kuɗi

Ƙaramin asibitin unguwa zai auna jininka, ya ba ka maganin zafi da takardar turawa, amma yawancinsu ba su da kujerar haƙori. Tambayi ma'aikacin wurin wane babban asibiti ne mafi kusa da ke da sashen haƙori mai aiki, da ranakun da likita ke zama, don kada ka kashe kuɗin mota ka tarar da ƙofa a rufe. Idan aikin mai wuya ne, kamar turmin ƙarshe da ya kwanta cikin ƙashi ko kumburi mai yawa, a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. A Jigawa akwai Asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

Kuɗin ba dunƙule ɗaya ba ne. Akwai na kati, na hoto, na aikin kansa, na magani, ga na mota zuwa da dawowa na mutum biyu. A asibitin gwamnati cirewa da ciko su ne masu sauƙi. Wankin jijiya ya ninka su sau da yawa, hular da ake sa wa haƙorin bayansa kuma kuɗinta daban. Asibitin kuɗi ya fi tsada amma layi bai kai ba. Farashi yana canzawa, don haka ka tambaya a wurin biya kafin a fara, ka biya a can, ka karɓi rasit. Mai katin inshorar lafiya, wato na KSCHMA a Kano, ko JICHMA a Jigawa, ko NHIA ta tarayya, ya tafi da shi ya tambayi abin da katin ya ɗauka.

Gargaɗi: mai filaya da ke shimfiɗa tabarma ranar kasuwa ya fi arha, amma ƙarfen da ya fito daga bakin wani shi zai shiga naka. Ta nan ake ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C, da ƙanjamau. A asibiti kayan aiki sai an dafa su a na'urar tururi mai zafin digiri 121 ko fiye. Ga kuma saiwar da yake karyawa ya bari a ciki, wadda cire ta daga baya ya fi cire haƙorin wuya.

4. Safiyar tafiya

Ka karya kumallo sosai. Allurar kashe wuri ba ta buƙatar azumi, kuma masu zuwa da yunwa su ne ke sumewa a kujera. Bayan aiki ma za ka yi awanni ba ka ci ba. Ka goge bakinka, ka sha maganin hawan jini ko na suga kamar kullum, ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har waɗanda ka saya a kemis saboda wannan ciwon. Ka fita da sassafe, domin kati da safe ake yanka. Idan a babur za a je, wani ya tuƙa. Idan da hali a guji sa ranar cirewa cikin azumi, saboda shan magani da abinci, amma kumburi ba ya jiran Sallah.

5. Abin da za ka faɗa wa likita

Nan ne mutane ke ɓoye-ɓoye don kada a ce su dawo wata rana. Likita ya ce, "Baba, kana da hawan jini?" Baba ya ce, "A'a likita, lafiyata ƙalau," alhali maganin yana aljihunsa. Kada ka yi haka. Faɗi idan kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, sikila, farfaɗiya, ciwon hanta ko koda. Faɗi idan kana shan maganin tsinka jini, amma kada ka daina shi da kanka. Faɗi idan ka taɓa yankewa jini ya daɗe bai tsaya ba, ko haka yake a danginku, ko wani magani ya taɓa sa maka ƙaiƙayi da kumburin fuska.

Idan awo ya nuna jini ya kai 180 bisa 110, yawanci za a ɗaga aikin sai ya sauka. Ba wulaƙanci ba ne. Ke kuma mai ciki, ki faɗi watanninsa. Ana yi wa mai ciki aikin haƙori, lokacin da ya fi dacewa shi ne wata na 4 zuwa na 6, kuma idan ciwo ya tsananta ko da kumburi ana yi a kowane wata. Zama da mugunya a baki har a haihu ya fi allurar haɗari.

Daga nan likita zai duba da ɗan madubi da tsinken ƙarfe, ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, wataƙila ya tura ka hoto. Kada ka ce hoton cin kuɗi ne. Shi ke nuna zurfin kogon, da lanƙwasar saiwa, da mugunyar da ke ƙasa. Sau da yawa kuma haƙorin da mutum ke nunawa da yatsa ba shi ne mai laifin ba, na kusa da shi ne, ko ma na sama ne ake jin sa a ƙasa.

6. Ciko, wankin jijiya, ko cirewa

Mutanenmu da yawa suna shiga da magana ɗaya: "A cire min shi kawai in huta." A ganina gaggawa ce. Babban mutum haƙora 32 gare shi, wanda ya fita kuma ba ya dawowa. Ka fara tambaya, "Likita, zai cetu?"

Ciko zama ɗaya ne. A kashe wurin idan kogon ya yi zurfi, a kankare ruɓaɓɓen da ɗan inji mai ƙara da feshin ruwa, a cike da abu mai launin azurfa ko fari kalar haƙori. Farin da ake haska wa shuɗiyar fitila yana ƙanƙarewa nan take, na azurfa kuwa a bar taunawa a gefen har kwana guda. Kafin ka sauka daga kujera ka haɗa haƙoranka, idan ka ji cikon ya yi tudu ka faɗa a rage shi, in ba haka ba zai dame ka da ciwo.

Wankin jijiya na wanda ruɓewa ta kai ciki ne amma jikin haƙorin da saura. Ana cire matacciyar jijiyar, a wanke hanyoyin saiwa, a toshe su. Yakan ɗauki zuwa biyu ko uku. Kuskuren da aka fi yi shi ne a zo na farko, ciwo ya tafi, a ƙi komawa. Cikon da aka sa ranar na wucin gadi ne, zai faɗi, haƙorin ya tsage, a yi asarar kuɗin da haƙorin gaba ɗaya. Idan ka san nisa ko aikin gona ba za su bar ka ka dawo ba, ka gaya wa likita gaskiya tun farko ku yanke shawara tare.

Ga iyaye: turmin da ke fito wa yaro a can baya yana ɗan shekara 6 ba na nono ba ne, na dindindin ne. Ana yawan barin sa ya ruɓe a ce ai zai famfare.

7. Yadda ake cirewa

Za a yi maka allura a dasashi. Tsinin na daƙiƙu ne. Idan turmin ƙasa ne, allurar can ciki ake yin ta, bayan 'yan mintuna rabin leɓenka na ƙasa da gefen harshe za su yi nauyi kamar ba naka ba. Wani yakan ji zuciyarsa ta ɗan buga da sauri, yana wucewa. Likita zai taɓa dasashin da ƙarfe ya tambaye ka. Idan ka ji tsini, ka faɗa a ƙara. Jarumta a nan ba ta da amfani. Wurin da ke da mugunya yakan yi gardamar mutuwa, wani lokaci sai an fara fitar da mugunyar.

Sai ya sa wani siririn ƙarfe tsakanin haƙori da ƙashi ya sassauta shi, sannan ya kama da abin cirewa yana jijjiga shi a hankali gefe da gefe. Za ka ji dannawa mai ƙarfi, ka ji ƙara a cikin kanka kamar ana taka busasshen kara, amma ba zafi ba. Idan zafi ne, ɗaga hannun hagu, kada ka cafke hannun likita. Haƙorin gaba saiwa ɗaya gare shi, turmin ƙasa galibi biyu, na sama uku. Idan saiwa ta karye, wanda yakan faru da haƙorin da ya ruɓe sosai, za a ɗan buɗe dasashi a fito da ita, a ɗinke. Ka tambaya ko zaren mai narkewa ne ko na dawowa bayan kwana 7.

Maganar da ake yi cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido ba ta da tushe. Abin da ke taɓa ido shi ne mugunyar haƙorin sama da aka bari ta hau. Abin da ke kusa da saiwar turamen sama wani kogon iska ne da ke haɗe da hanci. Idan likita ya ce kada ka fyace majina da ƙarfi na mako biyu, dalilin ke nan, ka kiyaye.

8. Awa 24 na farko

Rabin aikin na likita ne, rabin naka, kuma naka a nan yake. Gudan jinin da zai daskare a ramin shi ne murfin ciwon, a ƙarƙashinsa nama da ƙashi ke tsirowa. Duk dokokin ranar farko don kare shi ne.

Ciza audugar da aka sa maka sosai na minti 30 zuwa 45, ba surutu, ba leƙawa. Yawu ka haɗiye shi. Na san da ƙyanƙyami, amma tofe-tofen nan da ake yi tun daga ƙofar asibiti har tasha shi ke fizge gudan jinin. Kada ka kurkure baki ranar gaba ɗaya. A alwala ma ka tsallake kurkurar ko ka shafa ruwa a leɓe kawai, tunda a mazhabar Malikiyya kurkure baki sunna ce, ba farilla ba. Kada ka sa harshe ko yatsa ko tsinke a ramin, kada ka zuƙi lemo da tsinken roba.

Kada ka ci komai sai nauyin allurar ya sake ka, awa 2 zuwa 4. A sa wa yara ido sosai a nan, suna tauna leɓensu ba su sani ba, washegari ya kumbura ya yi gyambo a ce likita ne ya yanke su. Ka sha maganin zafi kafin allurar ta gama sakinka. Abinci mai laushi kuma ba mai zafi ba: koko ko kunu da ya huce, fura da ta damu sosai, ayaba, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da miyar kuka, a tauna a ɗaya gefen. Ƙuli-ƙuli, rake, aya, gyaɗa, goro, kilishi da gasasshiyar masara su jira mako guda. Ranar ba gona, ba faskare, ba ɗaukar buhu. Da dare ka ɗaga kai da matashi biyu. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana 3, mako ya fi.

Gargaɗi: yawu mai ja-ja a ranar farko ba komai ba ne. Idan jini ne sosai ke cika baki, ka naɗe auduga mai tsabta ko sabon hankici, ka ɗan jiƙa, ka ɗora daidai kan ramin, ka ciza minti 30 kana zaune. Idan ka yi sau biyu bai tsaya ba, koma asibiti mafi kusa. Kada a cusa toka, garin magani ko ƙasa.

9. Daga kwana na biyu

Yanzu ne ruwan gishiri ke shigowa: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi da aka tafasa ya huce. Ka guntsa, ka karkata kai ruwan ya kwanta a wurin, ka bar shi ya zubo da kansa. Bayan kowane abinci da kafin barci, har mako guda. Ka ci gaba da goge sauran haƙoran da buroshi ko aswaki, kana kauce wa ramin. Ɗan kumburi yakan kai ƙarshensa a kwana na 2 ko na 3 sannan ya fara sauka. Farin abu da za ka gani a ramin ba mugunya ba ce, warkewa ce, kada ka ƙwaƙule shi.

Ba kowace cirewa ce ke buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Idan an rubuta maka, ka sha yadda aka ce har ya ƙare. Idan ba a rubuta ba, kada ka biya kemis ka ƙara da kanka.

Idan a kwana na 3 ko na 4 ciwo ya dawo fiye da na farko, yana harbawa kunne, baki na ɗoyi, ka leƙa ka ga ramin fayau, to gudan jinin ya fita, ƙashi ya bayyana. Ƙwaya ba ta cika kashe wannan ba. Ka koma, za a wanke ramin a sa magani a ciki, sauƙi yakan zo a ranar. Haka za ka koma idan kumburi na ƙaruwa bayan kwana 3, ko zazzaɓi ya zo, ko leɓe bai dawo daidai ba washegari, ko ruwan da ka sha yana fitowa ta hanci.

10. Cike giɓin

Dasashi yakan rufe cikin mako 2 zuwa 3, ƙashi kuwa sai watanni. Giɓin da aka bari shekaru yana sa maƙwabtansa su karkato, na sama ya zazzago, abinci ya riƙa maƙalewa. Idan za ka sa na roba, a bari wurin ya warke kamar wata 2 zuwa 3 sannan a auna bakinka a asibiti, sai dai in na gaba ne likita ya yi maka na wucin gadi. Ka ƙi wanda ake manna wa haƙoran gefe da ƙullun roba a kasuwa, wanda ba ya ciruwa. Datti ke taruwa a ƙarƙashinsa ya ruɓar da masu lafiyar.

Na roba mai ciruwa a cire shi kowane dare, a wanke, a sa a kofin ruwa. Idan ya fara sako-sako a kai a gyara, kada a ci gaba da lallaɓa shi da harshe. Ƙaramin haƙorin roba mai ɗauke da ɗaya ko biyu yana zamewa cikin barci ko wajen haɗiyar ƙwaya ya maƙale a maƙoshi, kuma fito da shi sai an shiga ɗakin tiyata. Wanda hakan ta same shi kada a ba shi loma ya danna, a wuce da shi babban asibiti kai tsaye.